Sabon mahayi, a dakata da babban babur

Babur ya zama abin hawan talaka da ma'aikaci duka a ƙasar Nijar. Daga Yamai zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Maraɗi, babu kasuwar ƙauyen da ba a ganinsa jere a bakinta, babu ma'aikatar da ba a ganinsa ajiye ƙarƙashin inuwa. Da shi malamin gona ke zagaya garuruwa, da shi malamin asibiti ke kai allurar rigakafi har rugage, da shi ɗan kabu-kabu ke ciyar da gidansa, da shi kuma ake kai mai naƙuda asibiti in dare ya raba. Aikin da jaki da doki sunka yi ma kakanni, shi babur ke yi ma jikoki.

Amma akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin samari da ƙananan ma'aikata, wadda ta cancanci a tsaya a dube ta da idon basira. Mutum ya koyi tuƙi wata uku ko huɗu bisa ƙaramin babur mai lamba 110 ko 125, ya ga ya daina faɗuwa, ya ga yana ratsa cunkoson kasuwa ba tare da ya sa ƙafa ƙasa ba, sai zuciya ta fara raya masa cewa abin hawan nan ya yi masa kaɗan. Abokai su zuga shi, dillali ya nuna masa wani ƙato mai sheƙi da anka kawo daga bakin teku, shi kuwa ya shiga lissafin sayar da nasa, ya ƙara da bashi, ya hau wanda ya fi ƙarfinsa. Ra'ayin da ya fi dacewa da hankali cikin wannan magana shi ne: sabon mahayi ya zauna bisa ƙaramin baburinsa har ya cika shekara biyu yana tuƙi, sa'an nan in bukatar aiki ta sa ya ƙara, ya hau mataki ɗaya kaɗai.

Abin da lambar babur ke nufi

Lambar nan da ake kiran babur da ita, 50 ko 110 ko 125 ko 600, tana nuna faɗin cikin inji ne, watau wurin da isansi da iska ke haɗuwa su ƙone su tura ƙafa. In cikin ya ƙara faɗi, ƙarfi ya ƙaru. Mobilet ɗin da ma'aikatan da sunka sani lambarsa 50 ce. Babur mai lamba 125 irin Honda CG125, wanda ya fito cikin 1975 domin ƙasashe masu wuyar hanya, ƙarfinsa bai wuce na doki 11 ko makamancin haka ba, nauyinsa ya ɗara buhun hatsi mai kilo 100 da kaɗan, kuma da ƙyar yake kai kilomita 100 a awa. Babur mai lamba 600 irin na tsere kuwa ƙarfinsa ya haura na doki 100, nauyinsa ya kusa kilo 200, watau buhu biyu, yana wuce kilomita 200 a awa, kuma daga tsaye yana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 4 ko ƙasa da haka.

Ma'anar wannan ga sabon mahayi a fili take. Ƙaramin babur yana yafe kuskure. In mutum ya murɗa hannun wuta fiye da kima, injin zai yi ƙara, ya ɗan zabura, mahayi ya samu sararin gyarawa. In ya saki ambireyaji da gaggawa, injin zai mutu, jama'a su yi dariya, magana ta ƙare. Babban babur ba ya ba da wannan sarari. Murɗar da ba ta kai faɗin yatsa ba ta isa ta ɗaga ƙafar gaba sama, ko ta sa ta baya ta zame bisa rairayi, kafin mahayi ya gane abin da ya faru. Masu dawaki sun daɗe da sanin wannan: yaro da jaki yake farawa, sa'an nan ƙuru, kuma sai ya iya linzami da likkafa ake barinsa ya kusanci ingarma. Ba a taɓa jin uba mai hankali ya ɗora ɗan koyo bisa dokin sukuwa ranar hawan salla ba.

Lissafin gudu

Akwai wani lissafi da ko wane mahayi ya kamata ya riƙe, domin ba ya canzawa saboda jarumtakar kowa. Daga lokacin da ido ya ga haɗari zuwa lokacin da hannu ya kama birki, kusan daƙiƙa ɗaya ke wucewa. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin mita 17 cikin wannan daƙiƙa. Mai gudun kilomita 120 yana cin mita 33. Bayan an kama birki, bisa kwalta mai kyau kuma busasshiya, na farko yana bukatar wajen mita 20 kafin ya tsaya, na biyu kuwa wajen mita 80, domin in gudu ya ninka sau biyu, nisan tsayawa ninkawa yake sau huɗu. In an haɗa duka, na farko ya tsaya cikin mita 37, na biyu sai ya ci fiye da mita 110.

Haka ma ƙarfin karo. Wanda ya bugi bango ko bayan babbar mota da gudun kilomita 50 a awa, kamar wanda ya faɗo ne daga tsayin mita 10. Wanda ya buga da gudun kilomita 100, kamar wanda ya faɗo daga tsayin mita 40 ne, tsayin da babu giginyar da ta kai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta bayyana cewa duk ƙarin kashi 1 cikin 100 na matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4 cikin 100.

Sai a ɗora wannan lissafi bisa hanyoyin ƙasar nan yadda suke. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Maraɗi, Damagaram har Difa, tana ratsa tsakiyar garuruwa da kasuwanni. Akwai amalanke marar fitila da almuru, akwai garken shanu da ke tsallakawa inda burtali ya yanke hanya, akwai akuya da jaki da yaro mai tallan ƙosai, akwai rairayin da iska ke shimfiɗawa bisa kwalta, akwai ramin da damina ta bari, akwai hazon hunturu da ke rufe ido. A irin wannan hanya, mita 110 na tsayawa sun fi abin da mahayi ke iya hangowa sau da yawa. Gudun da babban babur ke bayarwa babu inda za a yi amfani da shi cikin aminci, sai dai ya zama jarabawa ga zuciyar saurayi.

Abin da bincike ya nuna

Rahoton da OMS ta fitar cikin 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 sunka rasu cikin hatsarin hanya a duniya a shekarar 2021, kuma fiye da rabinsu masu tafiya ƙasa ne da masu keke da masu babur. Nahiyar Afirka ita ke kan gaba wajen yawan mutuwa in an auna da yawan jama'a: mutum 19 cikin ko wane dubu 100, alhali a Turai 7 ne. Har ila yau hatsarin hanya shi ne abin da ya fi kashe yara da samari daga shekara 5 zuwa 29. Waɗannan su ne shekarun sabon mahayi.

Akwai kuma wani bincike da ya shafi wannan magana kai tsaye. Cikin 1981 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Harry Hurt ya fitar da sakamakon nazarin da ya yi tare da abokan aikinsa bisa hatsarin babur 900 a yankin Los Anjeles. Sun gano cewa fiye da rabin mahayan da hatsarin ya rutsa da su ba su kai wata 5 bisa babur ɗin da sunka faɗi da shi ba, ko da yake sun daɗe suna hawan wasu baburan. Sun gano cewa kashi 92 cikin 100 ba su taɓa samun horon kirki ba, da kansu sunka koya ko wajen dangi da abokai. Sun gano cewa yawanci mahayi ba ya samun ko daƙiƙa 2 cikakku don kauce ma karo, kuma da yawansu kan danne birkin baya har ƙafa ta zame, su ƙyale na gaba wanda shi ne mai yawan ƙarfin tsayarwa. Game da manyan babura kuwa, binciken bai same su sun fi yawa cikin hatsari ba, amma ya nuna in sun shiga, raunin ya fi muni.

Darasin da ke ciki biyu ne. Na farko, duk ranar da mutum ya canza babur ya koma ɗan koyo, domin nauyi da birki da yadda injin ke amsa hannu duk sun canza. Wanda bai gama sanin na farko ba ya haye na biyu, ya tara jahilci biyu wuri ɗaya. Na biyu, koyon bayan gari wajen aboki, wanda shi ne makarantar mafi yawan mahaya a birni da karkara, yana koya ma mutum tashi da tafiya, amma ba ya koya masa tsayawar gaggawa, alhali ita ce ke raba mai rai da gawa.

Yadda wasu ƙasashe sunka tsara

Wasu daga cikin ƙasashen da ke ƙera manyan babura sun tsananta sharaɗin hawansu. Tun daga watan Janairu na 2013 ƙasashen Tarayyar Turai ke aiki da permi mai hawa-hawa. Permi A1, daga shekara 16, bai wuce lamba 125 da ƙarfin kilowat 11 ba. Permi A2, daga shekara 18, iyakarsa kilowat 35, watau kusan ƙarfin doki 47. Babban permi A kuwa sai wanda ya yi shekara biyu da A2, ko wanda ya kai shekara 24. Faransa ta ƙara matsawa cikin 2016: ko mutum ya shekara 50, in sabon mahayi ne, dole ya fara da A2, ya yi shekara biyu, ya sake zaman horo na awa 7, kafin a ba shi izinin hawan babur marar iyaka. Waɗannan ƙasashe ne masu hanyoyi shimfiɗaɗɗu, da fitilu, da motocin ɗaukar majinyata da ke isowa cikin mintoci kaɗan. In su sun ga shekara biyu ta zama dole, to wanda ke tuƙi inda babban asibiti ke da nisan ɗaruruwan kilomita ya fi su bukatar haƙuri.

Hujjojin masu son ƙari

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin ba duka masu neman babban babur ne ƴan burga ba. Wasu kan ce ƙaramin babur ba ya iya wuce babbar mota da sauri, kuma daɗewa a gefenta haɗari ne. Gaskiya ne, amma maganin wannan shi ne mahayi ya jira har hanya ta buɗe sosai, ko ya bar motar ta yi gaba. Ƙarfin inji yana sa mutum ya shiga tsallaken da bai kamata ya fara ba, da dogaron cewa wuta za ta fid da shi.

Wasu kan ce aikinsu na daji ne, rairayi da kwari da fadama, kuma ƙaramin babur yana nutsewa. Wannan hujja tana da nauyi. Amma abin da ke fid da mutum daga rairayi shi ne babur mai tsawon ƙafa, marar nauyi, mai tayoyi masu haƙora, tare da hannun da ya san yadda ake sassauta ƙafar gaba a riƙe wuta daidai. Shi ya sa ma'aikatan karkara sunka daɗe suna yabon irin su Yamaha DT125, wanda lambarsa ba ta wuce ta sauran ba. Babur mai kilo 200 in ya kwanta cikin rairayi, mutum ɗaya ba ya tayar da shi sai da jin jiki, in kuma ya danne ƙafa, sai maɗori.

Wasu kuma kan ce suna ɗaukar kaya da fasinja, inji ƙarami yana wahala. Ga irin waɗannan, matakin da ke gaba shi ne lamba 150, ko 200 in ta kai, masu sirdi mai faɗi da ƙarfen baya mai ƙwari. Wannan ƙari ne na aiki, kuma bayan shekara biyu babu laifi a cikinsa. Tsalle daga 125 zuwa 600 kuwa babu aikin gona ko na ofis ko na kasuwa da ke bukatarsa.

Saura hujja ta ƙarshe, wadda ba a cika faɗinta da baki ba: a gan ni. Ganin ido ya sa mutane da yawa ɗaukar abin da ya fi ƙarfin wuyansu. Ya isa a tuna cewa abin hawa mai inji da anka fi ƙerawa a tarihin duniya ƙaramin babur ne, Honda Super Cub, wanda ya fito cikin 1958, kuma adadinsa ya kai miliyan 100 cikin 2017. Da ƙanƙanta abin kunya ce, da bai cika duniya ba.

Lissafin aljihu

Ko an ajiye maganar rai gefe, aljihu ma yana da ta cewa. Babur mai lamba 125 yana shan lita 2 zuwa 3 na isansi a kilomita 100, mai lamba 600 kuwa lita 5 zuwa 6. Kayan gyaran ƙananan babura suna cikin ko wace kasuwa, kuma makanikin ƙauye yana kwance injinsu ya ɗaure da rana ɗaya. Manyan babura na zamani yawancinsu na'ura ce ke auna musu isansi, ba su jure man kwalba na ƴan ruwa-ruwa in ya haɗu da ƙura ko ruwa, tayarsu ɗaya tana cin kuɗin tayoyin ƙarami da yawa, kuma in wani abu ya lalace sai an aika wata ƙasa a jira makonni. Yawancin waɗanda ke isowa da araha tsofaffi ne da anka gama moriyarsu a wani wuri. Ma'aikacin da ya ci bashi bisa albashinsa ya sayi irin wannan, sau da yawa yakan wayi gari babur na jingine cikin zaure, bashi na bin sa, shi kuwa yana tare kabu-kabu. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kuɗin da za a ƙara don sayen ƙarfin inji sun fi amfani in an sa su wajen hular kwano mai inganci, watau kaske, ɗaya ta mahayi ɗaya ta wanda ya goya, da takalmi rufaffe, da tayoyi sababbi, da birki mai ci, da fitila mai haske, da permi da asiransi. Binciken likitoci da OMS ta yaɗa ya nuna kaske da anka ɗaura daidai yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, da na raunin kai da kashi 69 cikin 100. Babu injin da ke ba da irin wannan riba.

Yaushe hannu ya nuna

Shekara biyu tana da dalili a wannan ƙasa, domin a cikinta mahayi zai ratsa damina biyu da hunturu biyu da bazara biyu, ya ɗanɗani santsin laka, da hazo, da zafin da ke sa gyangyaɗi. Amma ƙidayar watanni kaɗai ba ta isa ba. Wanda hannunsa ya nuna shi ne mai iya tsayawar gaggawa da birki biyu tare ba tare da ƙafa ta zame ba, mai iya juyawa cikin ƙunƙuntar hanya da goyo a baya, mai duban nesa yana karanta abin da direba da jaki da yaro za su yi kafin su yi, wanda ya shafe watanni bai tsinci kansa cikin firgita ba. Alama mafi girma kuwa ita ce ya daina jin haushi in an wuce shi. Wanda har yanzu jininsa ke tafasa in wani ya sha gabansa, ko ya shekara goma yana tuƙi, bai isa babban babur ba.

Nauyin da ke kan kowa

Maganar ba ta tsaya ga samari kaɗai ba. Uban da zai saya ma ɗansa babur saboda ya ci jarabawa ko ya yi aure, ya auna kyautar da shekarun yaron, kada farin ciki ya koma zaman makoki. Dillali ya ji tsoron Allah, ya tambayi mai saye tun yaushe yake tuƙi. Shugabannin ƙungiyoyin ƴan kabu-kabu su ware filin da za a riƙa koya ma sababbi tsayawar gaggawa. Ma'aikatu da ƙungiyoyin raya karkara da ke raba ma ma'aikatansu babura su haɗa mabuɗi da horo da kaske, su daina ɗauka cewa duk namiji ya iya tuƙi. Hukumar kiyaye hatsarin hanya ta ƙasa, ANISER, tare da jandarmomi da ƴan sanda da makarantun koyon tuƙi, su dubi tsarin hawa-hawa da idon amfani, su tabbatar babban babur ba ya faɗawa hannun wanda ya fara jiya. Malaman yaƙi da jahilci kuma suna iya mayar da lissafin mita 37 da mita 110 darasin ƙidaya a ajinsu, a auna shi da taki a fili kowa ya gani.

Ƙasa mai neman ci gaba tana bukatar samarinta da ƙafafunsu biyu, a gona da ofis da kasuwa. Ko wane saurayin da ya kwanta wata shida da karaya, gida ɗaya ne ya rasa mai nema, gona ɗaya ta rasa mai noma. Babban babur ba zai ƙare a kasuwa ba, yana nan yana jiran wanda ya yi haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya kiyaye hanya, ya mai da ko wane matafiyi gidansa lafiya.